Jan Zaren Kawu

Ranar da Kawu ya rasu, duk wanda ya zo gaisuwa magana ɗaya yake maimaitawa, wai bawan Allahn nan bai taɓa yin ƙarya ba. Tsofaffin abokan aikinsa sun faɗa, maƙwabta sun faɗa, har mai shagon bakin layi da suka shekara ashirin suna musu a kan kwata ya zo ya faɗa yana share hawaye. Ni dai na sunkuyar da kai ina amsa addu'a, don na san abin da ba su sani ba. Shekara goma sha shida Kawu ya yi yana shirga ƙarya tsakanin la'asar da magariba, a kan kujerar roba a baranda, kuma da Allah ya ba ni rabin zuciyarsa da na taya shi. Ni ce na tona shi, ba da niyya ba, kuma har yau ban gama yafe wa kaina ba.

Kawu wan mahaifiyata ne, sana'arsa ɗinkin littafi. Shekara talatin da huɗu ya yi a laburaren gari, a wani ɗaki na can ƙasa mai taga ɗaya, wadda in ka ɗaga kai ba ka ganin komai sai takalman masu wucewa. Ya kan ce ya san rabin mutanen garin ta dunduniyarsu. Ɗakin kullum warin gam yake yi da na tsohuwar takarda. Akwai dogon tebur, da ƙarfen matse littafi mai hannu kamar sitiyari, da gwangwanin madara cike da allurai da basilla, da dunƙulen kakin zuma da yake jan zare a kai don ya yi ƙarfi. Duk littafin da masu karatu suka wulaƙanta, wanda bangonsa ya rabu da shi, wanda aka zuba wa shayi, wanda yara suka yi wa aski, wurin Kawu ake sauko da shi.

Kotun da nake aikin tafinta tana tsallaken titi, saboda haka nan nake zuwa cin abincin rana, shi ya sa na san yadda yake aiki kamar yunwar cikina. In an kawo littafi ba ya taɓa allura sai ya bi shi shafi shafi. Duk inda ya ga yagewa ko ɗinki ya saki, sai ya yanko jan zare mai kauri, ya ƙulla masa kai don kada ya zame, ya ajiye a wurin ya wuce. In kuma karatun kansa yake yi aka kira shi, farin zare siriri yake sawa inda ya tsaya. Kowa a laburaren ya san wannan, har masinja. Jan zare gyara, fari kuma wurin tsayawa.

Mutum ne gajere mai sanƙo, mai tsokana kamar ba dattijo ba. Ba ya kiran sunana, sai Tafinta. In na shigo sai ya ce mutum nawa na ɗaure yau, in ce ni ba na ɗaure kowa, faɗar abin da aka faɗa kawai nake yi, ya ce ai igiya ma haka take cewa. Kuma ba ya ɗaukar hutu. In ofis suka matsa masa suka rubuta masa takarda, washegari sai a gan shi ya sauko da kayan gida, wai ya zo duba ko gam ya bushe, daga nan sai yamma. Cewa yake hutu na masu wurin zuwa ne.

Matarsa kowa Inna yake ce mata. Sun haifi 'ya'ya huɗu, uku ba su yi shekara ba, ɗaya ne ya tsaya, shi ne Bahago. Tun yana rarrafe da hagu yake miƙa hannu, an yi faɗan an yi dukan cokali har aka gaji aka bar masa sunan. Ya girma ya zama mai haɗa wayar lantarki a wani kamfani, dogo, mai dariya da ƙarfi, ba abin da ya ɗauko na uban sai tsokanar. Shi kam yana da wurin zuwa. Tun muna yara yake cewa sai ya ga teku da idonsa, don bai yarda akwai ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa ba. Yana da shekara ashirin da shida ya samu hutunsa na farko, mako biyu. Ni na ara masa jakata shuɗiya. Ya sa mabuɗin gida a aljihu, ya ce wa Inna kada ta sa sakata ranar da zai dawo don motar safe zai biyo, ba ya son ya tashe ta.

A kwana na uku ya bugo waya yana ihu saboda ƙarar ruwa, ya ce wallahi gaskiya ne, babu ɗaya gaɓar, kuma ya saya wa Inna mayafi. A kwana na biyar rikici ya ɓarke a garin da ya je, irin wanda kowa ke gudu ba ya tambayar me ya faru. Daga nan shiru. Kawu ya hau sama ya nemi hutu da bakinsa, har shugaban laburaren ya miƙe tsaye don mamaki. Mako uku ya yi yana bin asibitoci da ofisoshin 'yan sanda da ɗakunan ajiye gawa da hoton ɗansa a hannu. Masaukin da Bahago ya sauka an ƙone shi. Ba wanda ya gan shi a raye, ba wanda ya gan shi a mace. Kawu ya dawo takalminsa ya huje, ya rame kamar an zare masa laka. Hutun da ya taɓa ɗauka ke nan a rayuwarsa.

Inna ba ta yi kuka irin na mutuwa ba, don ba a ba ta gawa ba. Ta hana a yi masa addu'ar mamaci, ta kuma hana a sa wa ƙofar gida sakata. A kulle da mabuɗi, ta yarda, tunda yaron yana da nasa. Kubar nan ta lalace ya fi sau biyar a shekarun da suka biyo, Kawu bai taɓa canza ta ba, sai dai ya kwance ta ya kai gyara ya dawo da ita. Amma abinci ya gagare ta. Shekara guda tana tsakurar loma biyu tana ture kwano, ga ciwon suga ya fara taɓa mata ido. Muna kallonta tana ƙarewa a zaune.

Ana cikin haka aka sauko wa Kawu da wani littafin Turanci da bayansa ya ɓalle. A bangon an zana wani mutum da rigar shan iska mai furanni, yana gudu da jaka a hannu yana waiwaye. Kawu ba mai karanta irin waɗannan ba ne, amma ya ce yana bin shafukan don neman yagewa sai ya ga ya kasa ajiyewa. Da yamma ya zo da shi gida, ya zauna kusa da Inna a baranda, ya fara ba ta labarin da Hausa. Wani akawu ne, mutumin da bai taɓa faɗa da kowa ba, ya tafi hutu bakin ruwa, ya ɗauki jakar wani a tasha bisa kuskure. Masu jakar suka biyo shi, 'yan sanda kuma suka ɗauka shi ne mai laifi. Ya yi ta gudu daga gari zuwa gari, yana kwana a gonaki, ba ya iya kiran gida don kada mugayen su gano inda iyalinsa suke. Kwana shida Kawu yana ba ta, a na bakwai mutumin ya iso ƙofar gidansu da asuba, ya zaro mabuɗi ya buɗe.

Mahaifiyata tana wurin ranar, ita ta ba ni labari. Ta ce da ya gama sai Inna ta ce, "Malam, wato shi ya sa bai kira ba." Kawu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ranar ta cinye abincinta tas, har ta nemi ƙari.

Tun daga nan abin ya zama musu kamar magani. Kawu ya shiga bin masu sayar da littattafan gwanjo a gefen titi, har suka san shi, suna ware masa duk wanda aka zana mutum yana gudu a bangonsa. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba ya son na sojoji ko na 'yan leƙen asiri masu iya harbi. Shi dai a ba shi na talaka irinmu, malamin makaranta ko tela ko direba, wanda ya je hutu masifa ta same shi. In ya sayo sai ya ɗinke shi tukuna, ya yi masa sabon bango, ya karance shi shi kaɗai, sannan ya kawo wa Inna. Da ya yi ritaya ya kwaso allurai da zarensa ya dawo da su gida, ya buga kantoci a falo, littattafan suka cika bango guda. Idon Inna ya yi ta ja baya har ya rufe ɗungurungum, amma la'asar na yi za ka ga ta lallaɓa ta fito baranda ta zauna, ta gyara ɗankwali kamar mai jiran baƙo.

Na sha tarar da su. Kawu ya ɗora tabarau a kan hanci yana kwaikwayon muryar mugu, Inna tana tafa hannu tana zagin mutumin don ya yarda da mai masaukin da kowa ya ga munafuki ne. Ta kan ba shi shawara ma, ya bi ta kasuwa, ya canza riga, kada ya hau motar farko. Ni kuwa raina abin nake yi, ba zan ɓoye ba. Ina ganin littattafan shirme ne, kuma kunnena na tafinta ya gane Kawu yana ƙara gishiri. Yaya za a yi a ce duk mutumin da ya gudu a duniya bahago ne? Kowane ɗaya da hagu yake shan ruwa, da hagu yake buɗe ƙofa. Wata rana na tare shi a bakin ƙofa na ce masa da a kotu yake wannan fassara da tuni an kore shi. Ya yi dariya har sanƙonsa ya yi ƙyalli.

"Ke tafintar alƙali ce," in ji shi. "Ni tafintan Innarki ne. Kowa da wanda ya ɗauke shi aiki."

Na ɗauka iyakar gishirin ke nan, hannun hagu da 'yan barkwanci. Ban taɓa buɗe ko ɗaya daga cikin littattafan ba. Ni fa mai alfahari ce da aikina. Na yi rantsuwa ba zan ƙara ba ba zan rage ba, kuma shekara goma sha tara ban saɓa ba. Na taɓa gaya wa wani tsoho da bakina cewa ba zai sake fitowa ba, muryata ko rawa ba ta yi ba, alƙali har yabona ya yi. A lokacin ina ganin wannan shi ne gaskiya, kuma gaskiya ba ta da kishiya sai ƙarya. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, ko da yaron ya haura arba'in.

Bara, wata safiya, Kawu yana jan zare a kan kaki sai hannun ya saki. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta ɗauke masa dama gaba ɗaya ta haɗa da magana. Bayan mako biyu a asibiti aka dawo da shi, muka sa masa gado a falo, gefen ƙofar baranda, ƙarƙashin kantocinsa. Hankalinsa garau, idonsa yana bin kowa, amma in ya buɗe baki ba abin da ke fita sai wani gurnani mai ban tausayi. Na ɗauki hutu na tare a gidan don jinya, tunda mahaifiyata ta riga mu gidan gaskiya, ba su da kowa sai ni.

Inna ta yi ƙoƙari, ita ke ba shi shayi da cokali tana laluben bakinsa da yatsa. Amma la'asar na yi sai ta kasa zama, ta fita baranda ta dawo, ta sake fita. Ta koma tsakurar abinci. Da na matsa mata sai ta ce ba komai, kawai dai sun bar bawan Allahn nan a bayan motar albasa, ba ta san halin da yake ciki ba. Ashe suna tsakiyar wani littafi ciwon ya zo. Wani mai gyaran agogo ne ya je hutu bakin tafki, ya leƙa ta tagar masauki ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Na ce in dai wannan ne ai mai sauƙi ne, Turanci da Hausa su nake ci su nake sha. Na ɗauko littafin a kan tebur, na buɗe inda farin zare yake, na jawo kujerar Kawu kusa da ƙofa don shi ma ya ji.

Kwana uku abin yana tafiya daidai. Inna ta ce karatuna ba daɗi, kamar mai karanta takardar sammaci, kuma ta yi mamakin yadda mutumin ya koma amfani da dama, amma dai tana ci tana sha. Ni kaina labarin ya fara kama ni, ina jin kunyar faɗa. Kawu yana kwance yana saurare, wani lokaci har gefen bakinsa mai rai ya motsa. Sai dai na lura kullum in na rufe littafin idonsa yana kan kaurin shafukan da suka rage.

A rana ta huɗu, saura shafi kamar goma sha biyar, na iso jan zare. Na tsaya na duba shafin gaba da baya, na ɗaga shi a haske, na ja ɗinkin. Lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu. Na ce a raina tsufa ne, Kawu ya sa alamar gyara inda ba gyara. Na zare shi na ɗora a cinyata na ci gaba.

Nan take Kawu ya fara dukan katifa da hannunsa na hagu. Na ajiye littafin na kawo masa ruwa, ya kau da kai. Na gyara masa matashi, na duba ko ya ɓata shimfiɗa ne, ba komai. Yana ta gurnani, idonsa ya firfito yana kallona yana kallon littafin. Inna ta ce daga baranda, "Ƙyale shi, 'yar nan, so yake ki ci gaba. Ya fi kowa son wurin isowa gida." Na koma na zauna.

Mai gyaran agogo ya sauka daga motar albasa da rauni a cinyarsa. Ya bi ta cikin gonaki yana jan ƙafa, ya nufi kogin da in ya tsallaka ya tsira. Ya hango rufin gidajen ɗaya gefen. Ya zauna a gonar masara don ya huta kaɗan. A nan ne jikina ya ba ni, don marubucin ya fara maganar sanyi da ke hawa daga ƙafa, ya fara maganar agogon hannunsa da ya tsaya bai wana shi ba. Na gane inda aka dosa, kuma a daidai lokacin na gane abin da jan zaren nan yake yi a wurin. Zan so in ce na makara, amma ban makara ba. Akwai sauran shafi huɗu, da na iya tashe shi in tsallakar da shi kogin. Na buɗe baki in yi haka, na rasa ko kalma ɗaya tawa ta kaina. Shekara goma sha tara harshena bai taɓa tafiya ba sai a bayan maganar wani. Idona ya sauka kan layi na gaba, bakina ya bi shi, kamar jakin da ya san hanya ɗaya tak.

Na faɗa mata duka. Mutumin ya mutu a gonar. Manomi ya tsince shi da safe, ya duba aljihunsa bai ga takarda ba, ya kira maƙwabtansa suka binne shi a gefen gona ba su san sunansa ba. A shafin ƙarshe matarsa tana goge gilashin shagonsa, tana wana agogunan mutane don kada ya dawo ya tarar sun tsaya. Kawu ya daina dukan katifa tun kafin in kai nan.

Inna ta juyo da fuskarta wajena. Can ta ce shi ke nan? Na ce shi ke nan. Ta ce ba wanda ya je ya gaya wa matar? Na ce babu. Ta ce ikon Allah, Malam bai taɓa kawo irin wannan ba, ko bai karanta shi ba ne kafin ya kwanta. Sai kuma ta tambaye ni me ya sa ɗazu yake ta bugun gado. Ko a nan ma da na yi shiru da an tsira da wani abu, amma an yi mini tambaya, ni kuma na saba amsawa. Na ce wataƙila don na cire masa zare ne.

Ta miƙo hannu, na sa mata. Ta murza shi tsakanin yatsunta har ta kai kan ƙullin. Matar mai ɗinkin littafi ce ta shekara hamsin, ita take naɗe masa zaren nan tun tana gani, ba ta buƙatar ido ta san ja daga fari. Ta tashi ta dafa bango ta shiga falo, ta wuce gadon Kawu, ta ɗaga hannu tana shafa saman littattafan ɗaya bayan ɗaya. Farin zare Kawu yana cirewa in sun gama littafi, jan ne yake bari. Duk inda yatsanta ya taɓa ƙulli sai ta zaro littafin ta miƙo mini ba tare da ta juyo ba. Na rungume har hannuna ya cika, na fara jerawa a ƙasa. Sun kusa rabin bangon. Duk mutanen nan da ta yi wa addu'a, ta ba su shawara, ta yi musu barka da isowa, ashe suna can a gonaki da koguna da ɗakunan kurkuku, Kawu ne ya ɗauko su ɗaya ɗaya ya kawo su gida.

A ƙarshen kanta ta sama akwai wanda ya fi sauran tsufa, na akawun nan mai rigar furanni, wanda laburare suka bar masa da ya yi ritaya. Ta san wurinsa. Ta yi ɗage ta kai hannu, na ga yatsanta ya tsaya.

"Har wannan, Malam?"

Kawu ya rufe ido, hawaye yana gangarawa cikin kunnensa. Na ce ko in duba mata ƙarshensa, don wauta ba ta ƙare mini ba. Ta ce a'a, in bar shi. Ta mayar da shi wurinsa da kanta, ta daidaita shi da na kusa da shi.

Aka kira magariba. Ta yi alwala ta shiga ɗaki, ta daɗe a kan sallaya fiye da kullum. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji ta ambaci Bahago, kuma addu'ar da ta yi masa ba ta matafiyi ba ce, wadda ta hana mu yi ce shekara goma sha bakwai. Na koma kicin na toshe bakina da gyale na yi kuka kamar raina zai fita. Abu ɗaya tsohon nan ya gina a rayuwarsa ban da littattafan mutane, na rushe shi a yammaci ɗaya, yana kallo ba ya iya cewa kul.

Da ta fito sai ta lalubi gefen gadonsa ta zauna, ta nemo hannunsa na hagu ta riƙe. Muryarta ba ta rawa ko kaɗan.

"Malam, rabu da yarinyar nan, ba ta iya karatu ba. Tsallake ta yi. Bari in gaya maka yadda aka yi."

Ta ce ai barci ne ya ɗauki mai gyaran agogo a gonar. Manomin da ya tsince shi mutumin kirki ne, ya kai shi gida, matarsa ta wanke masa raunin da ruwan zafi, suka ɓoye shi har ya warke. A labarin nata Inna ta tsallakar da shi kogi a kwalekwale, ta canza masa riga, ta hana shi hawa motar farko. Ta saya masa mayafi a hanya don kada ya je wa tsohuwarsa hannu rabbana. Duk salon Kawu ta ɗauko, har inda yake tsayawa ya yi gyaran murya. Ta kawo shi layinsu da sassafe, ya tsaya a ƙofa, ya sa hannun hagu a aljihu ya zaro mabuɗi, kubar kuwa ba a canza ta ba. Kawu yana ta kuka ba sauti, yana matse hannunta. Ta ci gaba da shafa masa sanƙo har numfashinsa ya daidaita.

Sannan ta taso ta kama hannuna ta ja ni zuwa ƙofar gida. Ta laluba sama ta kama sakatar ta ja, ta ƙi motsi. Shekara goma sha bakwai ba a taɓa ta ba, tsatsa ta cinye ta, har fenti an bi ta kanta sau biyu. Ta raɗa mini in ɗauko man da Kawu yake sa wa ƙarfen matse littafi. Na kankare fentin da wuƙa, na ɗiga man, na fara jijjiga ta, ta yi ƙara kaɗan. Inna ta damƙe mini hannu.

"A hankali," ta ce. "Ƙara mata mai sosai. Kada ya ji."

Kawu ya ƙara wata biyu a duniya. Kullum da la'asar ina zama da littafi a buɗe ina juya shafi don a ji ƙarar takarda, Inna tana ba shi labari daga kanta, kowane mutum kuma yana isowa gida. In ya yi barci ta je ta tura sakatar da tafin hannunta a hankali, da asuba ta riga shi tashi ta zare. Gadonsa bai fi taku shida daga ƙofar ba, kuma ciwon bai taɓa masa kunne ba. Bai taɓa dukan katifa a kan wannan ba.